Kawu Modu da Kurarsa Yagana

Jiya na ji ku a bakin tasha kuna dariyar mutumin nan da ya zo da kura daga Kano. Ɗayanku har cewa ya yi wai sarƙa ce ke aiki, ko shi aka miƙa wa zai riƙe. To, ku matso. Na riƙe sarƙar nan tun ba a haifi iyayenku ba, kuma sarƙa ba ta riƙe kura. Ana sa ta ne don hankalin 'yan kallo ya kwanta. Ranar da kura ta yi niyyar tafiya, da kai da sarƙar duk za ta tafi.

A wurin Kawu Modu na koya, ƙanen mahaifiyata. A Nguru yake zaune, can bayan mahauta, domin babu unguwar da ta yarda ya zauna a cikinta da dabbobinsa. Ni kuwa masunci ne a Dagona, da matata Falmata da ɗa guda. Wani rani kwalekwalena ya ruɓe, ruwa kuma ya ja baya, ina zaune ba aikin yi, sai ga Kawu ya zo. Mai taya shi aiki ya bar shi ya koma dakon buhun gyaɗa a tashar jirgi. Bayan an gaisa ya dubi mahaifiyata ya ce, "Yaya, Bukar na zo ki ba ni."

Ta ce, "In ba ka ka kai wa kura ta cinye?"

Ya ce, "Ba ta cin masunta. Ƙarni ya yi musu yawa."

Da haka aka gama magana. Na ɗauki iyalina muka bi shi.

Aikina na farko ƙashi ne. Kullum da sassafe in ɗauki masaki in je wurin Sarkin fawa, a zuba mini ƙafafu da kawuna da abin da ya rage na kayan ciki. In kawo, in ajiye wa Kawu, shi ya ba ta. Sunanta Yagana. In ta fara ci sai Kawu ya nuna mini wani dutse nesa kaɗan da turkenta ya ce in zauna. Shi ke nan aikin. Na yi watanni ina zama a kan dutsen nan, kowane 'yan kwanaki ya matso da shi gaba kaɗan. Ya hana a wanke mini rigar da nake zama da ita, don ta san warina. Falmata ta ce ita ma ta san shi, kuma daga ranar a ƙofar ɗaki nake tuɓewa.

Sai da damina ta wuce sannan ya bar ni na taɓa ta, shi ma a wajen wanka. Kura na son ruwa fiye da yadda kuke zato. Ka jiƙa ta, ka cuɗa wuya da kafaɗa, amma kada hannunka ya bi ta ƙasan haɓa sai ta ɗaga kai da kanta. A nan na koyi karatun jikinta. In ta kwantar da kunne ta saki wutsiya, tsoro take ji, ka ja baya. In wutsiya ta miƙe, gashin baya ya tashi, ka riga ka makara, sai dai ka tsaya cik. Wannan dariyar da kuke ji tana yi, ba daɗi take ji ba, ranta ne a dagule.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai takunkumi, wanda Kawu ke saƙawa da hannunsa da igiyar rama, bai taɓa yarda wani ya saƙa masa ba. In ya matse, ba za ta iya haki ba, rana ta kashe ta. In ya yi sako-sako, kai ne za ka ji a jikinka. Akwai sarƙar da wani maƙeri ya haɗa masa. Akwai gajeriyar sanda, ba ta duka ba, ta sakawa a bakinta ce in ta kama abin da bai kamata ba. Sai ganga, sai walkin fata mai ƙararrawa da muke ɗaurawa, sai jaki mai ɗaukar kaya.

Muna kuma da gwaggon biri, sunansa Akawu. Jar hula yake sawa, yana sara wa mutane kamar soja, shi ke zagayawa da ƙoƙo yana karɓar abin da aka bayar. Mutane na gudun Yagana suna wasa da Akawu, alhali duk tabon da ke ƙafar Kawu na Akawu ne. Kura in za ta yi maka abu tana faɗa maka da jikinta. Biri kuwa ka ɓata masa rai ran Asabar, ya yi maka dariya, ya rama ran Laraba.

Wasan kansa, ranar kasuwa muke yi, a Nguru ko Gashua, ko a tashar jirgi ranar da aka biya 'yan dako. Ni ke kiɗa, Kawu na rawa yana jan sarƙa. Akwai wani ƙas da yake yi da harshe, ba mai ji sai ita. Da ya yi sai ta zabura ta yi kan mutane, kowa ya watse, mai tallan fura ta zubar, Fulani su ɗaga sanda, sai ya ja ta baya kamar da ƙyar. In an dawo ana dariya, Akawu ya shiga da ƙoƙo. Gwanintar duka a cikinta take. In ta ƙoshi, kwanciya za ta yi a tsakiyar fili ta kunyata ka. In yunwa ta yi yawa, zaburar ba ta wasa ba ce. Sanin tsakanin nan shi ne sana'ar, kuma kowace safiya sai ka sake aunawa da ido.

Bayan wasa sai masu buƙata su matso. Uba ya kawo yaronsa mai firgita a ɗora shi a bayanta. Mata su aiko daga gida a sayo musu gashin wuyanta. Fatake su sayi garin maganin maciji kafin su shiga daji. Ban ce yana yi ba, ban ce ba ya yi ba. Wanda ya dawo yabawa yake yi, wanda bai dawo ba ba mu ji ta bakinsa ba.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda fara ta sauko ta cinye gero tun yana kan kara. Kasuwa ta mutu. Mahauta suka rage yanka, ƙashin da Sarkin fawa ke ba mu kyauta mutane suka koma dafa shi su sha ruwan. Mu yi kiɗa, a taru, a kalla, a watse, Akawu ya dawo da ƙoƙo wayam ya kifa shi a kansa. Yagana ta rame har ƙugunta ya fito. Wata safiya na ga tana bin ƙaramin ɗana da ido yana rarrafe a tsakar gida. Kawu ma ya gani. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa ya ja jakin zuwa bayan gida. Jakin ya kai ta 'yan kwanaki. Daga nan ni na zama jakin, kayan duka a kaina.

Da naman ya ƙare na ce, "Kawu, mu koma Dagona. Ko ba komai akwai sauran ruwa a fadama, na iya su."

Ya ce, "Kura ce fa, ba kyanwa ba."

Na ce, "A gwada."

Muka je. Na ari komar kamun kifi na shiga ruwa. Ranar farko ta shinshina kifin ta juya mana baya. Rana ta biyu ma haka. A ta uku ta cinye har da kwandon. Daga nan kifi ya zama abincinta, ɗanye da busasshe, jikinta ya dawo, sai dai ƙarnin da take yi ya fi nawa.

A cikin shekarar ne muka je Katuzu, don mun ji an ɗan samu dawa a fadamarsu, ko a ba mu mudu mu yi wasa. Muka kwana a bakin gari. Gari na wayewa sai ga mutane da kulake da baka. Akuyar wata tsohuwa ta ɓata, ita ke nan gare ta, da nononta take riƙe jikokinta. Kuma ga kura ta kwana a gari. Wani saurayi ya riga ya ɗana kibiya. Kawu ya shiga tsakaninsa da Yagana, ya ce a kai mu wurin Bulama, mai garin.

Bulama na zaune gindin tsamiya. Ya saurari tsohuwar, sannan ya ce, "Mai kura, me ka ce?"

Kawu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗaure ta kwana, amma na san ba wanda zai yarda da wannan. Kura tana narkar da ƙashi, ba ta narkar da gashi da kofato. Abin da ta ci jiya zai fito yau, ko ta gaba ko ta baya. In an ga gashin akuya, ni zan riƙe ta a harbe."

Bulama ya ce, "Yaushe zai fito?"

"Wannan sai ita, ranka ya daɗe."

Aka ɗaure ta a jikin tsamiyar, gari guda ya zauna yana kallon bayan kura. Tun hantsi. Ita kuwa ta kwanta ta yi barcinta. In ta motsa kowa ya miƙe, in ta gyara kwanciya a koma a zauna. Azahar ta yi, liman ya ja salla a nan wurin, ina jin rabin sahu da ido ɗaya suka yi ta. Saurayin nan bai ajiye bakansa ba. Ni kuwa ina lissafin cewa da asuba na ɗan yi gyangyaɗi, kuma turken da muka kafa a rairayi ne. Ban gaya wa kowa ba, na dai zauna kusa da hanya.

Wajen la'asar ta tashi, ta zagaya tsamiya, ta tsuguna. Bulama da kansa ya ɗauki kara ya je ya tona, dattawa na leƙe ta kafaɗarsa. Ya daɗe yana tonawa. Sannan ya miƙe ya ce, "Jama'a, kifi ne."

Aka watse ba mai kallon wani. Tsohuwar ce kaɗai ta rage, ta zauna a ƙasa tana kuka, domin akuyarta dai ba ta dawo ba. Kawu ya kwance ƙunshin busasshen kifin da muka zo da shi ya ajiye mata duka. Ba a taɓa ganin akuyar ba. A shekarar nan ba kura kaɗai ke jin yunwa ba.

Aikin fim ya zo ne bayan yaƙin Turawa ya ƙare. Wani Bature dogo mai jan wuya ya sauka daga jirgi a Nguru da akwatuna da tafinta Bakano, ya ce kura yake nema. Aka kawo shi bayan mahauta. Tafintan ya yi mana bayani: za a nuna kura ta shiga gida ta kama akuya, maharbi ya biyo ta ya kashe, amma kisan na ƙarya ne. Kawu ya sa ya maimaita wannan na ƙarshen har sau biyu.

A bakin kogin Gashua suka kafa gidan zana, aka ɗaure akuya a ciki, Baturen ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku. Ya ce a cire takunkumi. Kawu ya cire, ya yi ƙas ɗinsa. Yagana ta shiga da gudu, ta shinshina akuyar, ta kwanta kusa da ita. Ta tsufa a lokacin, kuma ta daɗe da mance wannan irin abinci. Aka sake. A karo na biyu akuyar ta gaji, ta tunkuye ta, Yagana ta fito ta ɓuya bayan Kawu. Baturen ya cire hularsa ya yi magana mai tsawo. Tafintan ya ce, "Ya ce bai ji daɗi ba."

Na je kasuwa na samo man kifi, muka shafe akuyar tun daga kai har wutsiya. Wannan karon Yagana ta danne ta da ƙafa ta shiga lasa, akuya na ihu kamar ana yanka ta, ƙura na tashi. Daga inda akwatin yake, sai ka rantse cinye ta take yi. Baturen ya yi ta tsalle. Da aka zo wajen mutuwa kuwa ba a sha wahala ba. Muka cika mata ciki, ta miƙe ƙafafu a rana, maharbin ya ɗora ƙafa a kanta. Sai dai mun kasa hana ta munshari, tafintan ya tambayi Baturen, ya ce akwatin ba ya ɗaukar murya.

Baturen ya nemi Kawu ya bi shi kudu na rani guda, da shi da Yagana. Ni aka bar ni da Akawu da ganga. A tashar jirgi mai sayar da tikiti ya ce shi bai san kuɗin kura ba, bayan doguwar shawara aka yanka mata na kare.

Abin da ya faru a can daga bakin Kawu muka ji, shi kuwa ba mai yawan magana ba ne, sai da muka yi shekaru muna tsintar labarin. Wani fili ne kusa da Ikko, cike da keji. A nan ake tara dabbobin da za a yi fim da su, da waɗanda za a sa a jirgin ruwa a kai gidajen wasa na ƙasar Turawa. Akwai damisa, akwai mesa, akwai wani baƙin biri mai shan taba wanda Kawu ya ce ya fi Akawu ladabi. Da suka ga hannunsa sai suka ba shi ɗan giwa ya kula da shi. Ya koya masa durƙuso da ɗaga ƙafa da rake kawai. Mahaifiyata ta tambaye shi yadda teku take. Ya ce, "Kamar fadamar Dagona ce, sai dai ba shinkafa."

Da aiki ya ƙare suka ce za su sayi Yagana, ta bi ɗan giwar a jirgi. Kuɗin da suka faɗa ya isa gida a cikin gari da gona. Kawu ya ce shi ma zai bi ta, suka ce dabba kaɗai. Ya ce to wa zai riƙe ta? Aka nuna masa hoton wani mutum mai gashin baki, da bulala a hannu ɗaya da kujera a ɗaya. Kawu ya ce ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambayi tafinta, "Kujerar ta mece ce?" Aka ce da ita yake tare dabba. Ya ce, "Ba zama yake yi a kai ba?" Aka ce a'a. Ya ce, "To wanda bai iya zama ba bai iya kura ba." Washegari ya yanki tikitin mutum ɗaya da kare ɗaya. Falmata ta yi mako ba ta yi masa magana ba saboda gidan nan na cikin gari.

Damina biyu bayan haka Yagana ta mutu. Ba ciwo, ta dai daina ci, wata safiya na je da ruwan wanka na tarar ta sandare. Kafin hantsi ƙofar gidan ta cika. Bokaye, maharba, 'yan dambe, kowa da abin da yake so: wannan zuciya, wannan fatar goshi, wancan haƙori. Wani ya zo da tunkiya a hannu. Kawu ya fito ya ce musu babu. Suka ce ai shekara da shekaru yana sayar musu da gashinta. Ya ce, "Wancan tsirowa yake yi."

Muka naɗe ta a tabarma, muka ɗora a amalanke har bakin ruwa, na ari kwalekwale. Sai da muka yi nisa cikin fadama, muka tabbata ba mai bin mu, sannan muka sauka a wani tudu muka haƙa rami mai zurfi. Kawu ya daddanna ƙasar da ƙafa, ya ja ciyawa ya rufe. A hanyar dawowa ina tuƙi yana zaune a gaba, bai juyo ba. Na ɗauka sana'a ta ƙare, har na fara tunanin inda zan samu itacen sabon kwalekwale. Muna dab da gaɓa ya ce, "Maharba sun ce wata ta haihu a wani rami gabas da Katuzu. Jibi za mu."

Na ce, "To, Kawu."

Ya ce, "Kai za ka shiga."

Na ce, "Ni?"

Ya ce, "Gwiwata ta ƙi. Kuma ka fi ni sirantaka."

Da rana tsaka muka je, lokacin da maharban suka ce uwar tana can wani kwari tana shan inuwa. Aka ɗaura mini igiya a ƙafa, na ɗauki buhu na shiga da rarrafe. Ramin ya matse har sai da na koma jan ciki. Ba ka ganin komai, hannu ne idonka. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ɗan kura da haƙoransa ake haihuwarsa, kuma waɗannan sun kwana biyu a duniya. Na laluba na kama ɗaya, ɗayan ya kama ni. Na girgiza ƙafa, suka jawo igiya, na fito da baya, buhu a hannun dama, hagu kuwa ga shi kuna gani, ƙaramin yatsan can na baro rabinsa.

Kawu ya karɓi buhun ya buɗe, ya ɗago ta ta ƙeya, ya juya ta, ya duba baki, ya duba ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dubi hannuna, jini na zuba har gwiwar hannu. Ya yage bakin rawaninsa ya miƙo mini.

Ya ce, "Lafiyayya ce. Ɗaure da kyau, kada ta fara sanin ɗanɗanonka tun yau. Taka ce."